Dokar Ankon Hajiya Yakaka

Duk wanda ya shekara a Rijiyar Lemo bai ji sunan Hajiya Yakaka ba, to ko dai kurma ne, ko kuwa babu mace a gidansu. Ba ta fi kowa dukiya ba, ba ta da sarauta, mijinta ma ɗan lafiya ne da ba a jin bakinsa. Anko ne a hannunta. Biki, suna, walimar sauka, tarbar alhazai, duk inda mata za su taru a unguwar nan ita ke faɗin yadin da za a sa, in ta faɗa kuwa an gama magana.

Kakanninta fatauci ya kawo su daga Borno, suka ga wuri suka zauna. Ita a Fagge aka haife ta, Barbarcin ma sai ranta ya ɓaci yake zuwa mata, shi ma bai wuce kalma uku ba. Ta yi koyarwa a firamare shekara goma sha ɗaya kafin ta koma sayar da atamfa da leshi a wani ɗan shago a Kantin Kwari. Mata kan ce ta bar aji amma aji bai bar ta ba. Har gobe in za ta yi magana sai ta ɗaga yatsa, in kuma mace ta makara wurin taro sai Hajiya ta dubi agogo, ta dube ta, ta sake duban agogo.

A yi mata adalci, da kyakkyawar niyya ta fara. Wani biki ne ta shiga kicin neman ludayi, ta tarar da ƙanwar uwar amarya ta ɓuya bayan ƙofa tana kuka, wai atamfarta ta koɗe, ba za ta iya fita cikin masu leshi ba. Abin ya tsaya wa Hajiya a rai. Daga ranar ta ce a unguwar nan yadi ɗaya za a riƙa sawa, mai sauƙi, wanda matar ɗan dako da matar Alhaji za su tsaya kafaɗa da kafaɗa ba a gane wace ce wace ba. Mata suka yi ta sa mata albarka.

To amma ita doka ba ta zama yadda aka haife ta, girma take yi. Aka fara da yadi, aka koma kalar mayafi, aka zo ɗaurin ɗankwali, har tsawon hannun riga sai da ya samu ƙa'ida. Da waya ta zo aka buɗe guruf mai suna Matan Zumunci, Hajiya ce kaɗai ke da ikon sawa da cirewa. Ranar biki mata biyu ke tsayawa a bakin ƙofa suna duba masu shiga. Wadda ta saɓa ba a korarta, ba a zaginta. Za ta ci abinci, za ta yi rawa, amma ba ta shiga hoto.

Hajiya Jawahir ce ta fara ɗanɗana wannan hukunci. An ce mayafi ruwan toka, ita kuwa nata ya ƙone a wurin guga, ta yafo shuɗi ta zo, ta kuma kutsa gefen layi aka ɗauka da ita. Da aka je wanke hoton Hajiya Yakaka ta sa aka yanke gefen. Mai hoton bai iya yanka ba, ya bar gwiwar hannu. Aka rataye hoton a falon Hajiya, mata talatin da biyu da gwiwar hannu guda. Kowa ya zata Jawahir za ta yi zuciya ta bar ƙungiya. Ina! Ita ce ta dawo ta fi kowa tsanani, har ta zama shugabar masu tsaron ƙofa.

Duk wannan mulki a kan keken ɗinkin mace ɗaya yake tafiya: Madam Felicia, tela a Sabon Gari, wadda Hajiya ke kira Maman Ogechi. Da faɗa suka fara. Tun Hajiya na malamar makaranta ta kai ɗinki, ta tsaya tana koya wa tela yadda ake yanka hannu. Felicia ta ajiye almakashi ta ce mata, cikin Hausar da ba ta da tsami, ita malama ta riƙe allinta, ta bar wa mai almakashi almakashinta. Ba a taɓa yi wa Hajiya haka ba, abin ya burge ta. Shekara talatin da ɗaya ke nan ba ta kai wa wani tela ko ɗan tofi ba.

A shagon Felicia naƙudar autarta Zulfa ta kama Hajiya. Felicia ce ta tare tasi a tsakiyar titi da zare rataye a wuya, ita ce kuma ta fara karɓar jaririyar daga hannun ungozoma. Tun a gadon asibiti Hajiya ta ɗaga yatsa ta yanke hukunci: ranar auren yarinyar nan Maman Ogechi ce za ta tsaya a hannun daman amarya a hoto. Ta maimaita wannan magana ya fi sau ɗari, duk unguwa an haddace.

Mijin Felicia, Oga Boniface, tsofaffin littattafai yake sayarwa a kan tebur a ƙofar shagon, ƙarƙashin wata lema da ta ga shekaru. Haifaffen Sabon Gari ne, mai tsokana ne na ƙin ƙarawa. Bai taɓa kiran Hajiya da sunanta ba. In ya hango ta ta sauko daga Adaidaita sai ya miƙe ya sara mata, ya leƙa shago ya ce a gyara zama, Gwamnati ta iso.

Wata rana, bayan labarin gwiwar hannun Jawahir ya kai masa, ya miƙa mata wani tsohon littafin Turanci, bangonsa ya yage har ba a san sunansa ba. Ya ce kyauta ce, kuma sanannen littafi ne a duniya. Labarin wata ƙasa ce ta ƙirƙira inda hukuma ke zaɓa wa kowa komai: kalar tufafinsa, sana'arsa, lokacin cin abincinsa. Babu mai fin wani, babu mai yin dabam, maƙwabci na lura da maƙwabci, wanda ya kauce kuwa sai a wayi gari kamar ba a taɓa yin sa ba. Hajiya ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai ta ce, "Ka ga ƙasa mai tsari."

Oga Boniface ya yi dariya har sai da aka kawo masa ruwa. Ita kuwa ta kai littafin gida, ta karanta shafi goma sha wani abu, ta ga Turancin ya yi mata tauri, ta rufe. Sai dai takardarsa na da kauri, don haka ta samar masa aiki. Duk ankon da aka fitar sai ta yanki ƙyalle ta sa a tsakanin shafuka, ta maƙala 'yar takarda mai sunan bikin. Littafin ya yi ta kumbura har ya daina rufuwa, sai da roba ake ɗaure shi. Kullum Boniface ya tambaye ta ko ta kai ƙarshe, sai ta ce masa tana kan hanya, ta kai bikin 'yar gidan wane.

A farkon bara Oga Boniface ya kwanta kwana tara, ya rasu. Hajiya ta rufe shago mako guda. Ita ce a kan tukunya, ita ce a kan tabarmar baƙi, har dangin mamacin da suka zo daga gabas suka riƙa tambayarta inda za a ajiye kujeru. Ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye ba. Ta ce yanzu wa zai sara mata.

Ana cikin haka dangin Bahauddeen, saurayin Zulfa, suka aiko a sa rana, kuma suna so a yi da wuri. Hajiya ta ɗauko kalanda. Ta ƙirga wata huɗu da kwana goma daga ranar rasuwar, ta ƙara mako biyu don Felicia ta huta, ta sa yatsa a kan wata Asabar ta ce nan. Dangin ango suka yi magiya, mijinta ya sa baki a hankali, ta ƙi motsi. Ba ta gaya wa kowa dalili ba, ba ta kuma tambayi Felicia komai ba. Me za a tambaya? Ai takaba takaba ce, kowa ya san kwanakinta. Ta so abin ya zama albishir.

Saura wata guda biki ta cika bayan Adaidaita da bandir ɗin anko, ruwan zuma mai ganye-ganye kore, na mata tamanin, ta nufi Sabon Gari tana jin daɗin kanta. Ta tarar da Felicia a kan keke cikin fararen kaya daga sama har ƙasa, yadda take tun da aka dawo daga binnewa. Bayan an sauke kaya Hajiya ta zaro wata leda dabam ta ɗora mata a cinya, ta ce wannan nata ne, ta yi lissafi, kafin ranar ta fita takaba da mako biyu.

Felicia ta daɗe tana shafa yadin. Sannan ta yi mata bayani a hankali. Su a garinsu wata shida mace ke sa fari, kuma ba daga ranar rasuwa ake ƙirgawa ba, daga ranar binnewa ne, binnewar kuwa sai da aka yi mako shida. Tana iya fita, tana iya aiki, tana iya zuwa bikin 'yarta Zulfa ta zauna. Amma farin nan ba ya sauka daga jikinta sai ranar da dangi suka taru suka cire mata, kuma ranar tana bayan bikin da kusan wata uku.

Hajiya ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Katin gayyata ya fita, an kama wurin taro, dangin ango ta riga ta ja su har sun gaji. Ranar ba ta ɗaguwa.

Ta tara manyan Matan Zumunci a falonta, ta kawo lemo da cincin, ta fara zagaye-zagaye a kan cewa kowace doka tana da uzuri. Ba ta kai ƙarshe ba Jawahir ta ajiye kofi. Ta ce ita ba ta da komai da Madam Felicia, mutuniyar kirki ce, ta zo ta ci ta sha, a ba ta kujera mai kyau. Amma hoto, a'a. Ta juya ta nuna bango da baki.

"Hajiya, ga gwiwar hannuna can, shekara tara tana kallonmu. Ni ma ai uzuri gare ni."

Ba wadda ta yi dariya. Sauran suka ce gaskiya ne, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, in aka ɗaga wa ɗaya gobe kowa da nasa uzurin. Kalmomin Hajiya ne suke dawo mata da su, har da ɗaga yatsan. Ta ga ashe dokar ta daɗe da daina buƙatarta, da ƙafarta take tafiya.

Da wannan ƙofa ta rufe sai ta koma ɗayar, kuma a nan ne ta yi abin da har yau take jin kunyarsa. Ta je ta zauna a bencin shagon Felicia ta yi ta lallashi. Awa uku ne kacal. A sa a yi hoto a cire. Wa zai gani daga garinsu? Shi mamacin ma da yana nan ai dariya zai yi. Don ita ma fa ake faɗa, kada a gan ta fara sol cikin mutane a yi ta kallonta. Felicia ba ta tsayar da keke ba sai da ta kai ƙarshen ɗinkin.

"Hajiya, shekara talatin ina sa abin da kika zaɓa, ban taɓa cewa a'a ba. Wannan ɗayan ba ke kika zaɓa ba, ba kuma don masu gani nake sawa ba. Ki bar mini shi."

Ta ƙara da cewa kada Hajiya ta damu, za ta gama ɗinkin mata tamanin a kan lokaci, ranar kuma za ta zauna a gida ta turo Ogechi da anko, ba sai an samu matsala ba. Ba fushi a muryarta ko kaɗan. Da ma faɗa ta yi, da Hajiya ta san yadda za ta rama.

Washegari da hantsi kasuwa ba ciniki, Hajiya ta ɗauko littafin nan don ta sa ƙyallen ankon Zulfa. Shafukan farko duk sun cika, dole ta buɗe can ciki inda ba ta taɓa kaiwa ba. Sai ta ga rubutun fensir a gefen shafi, ƙanana, a karkace. Ta sa tabarau. An ja layi a ƙarƙashin inda hukumar ƙasar ke sanar da kalar rigar bana, a gefe an rubuta: Gwamnati. Ta buɗa gaba. Inda aka kafa masu duba mutane a bakin ƙofa: Gwamnati da Jawahir. Ta koma baya tana ɗaga ƙyallaye, ashe duk littafin haka yake, shekara tara tana binne tsokanar mutumin nan da guntayen atamfa. Ta yi dariya ita kaɗai har maƙwabcin shago ya leƙo, ta ce masa ba komai, wani ɗan rainin hankali ne.

Ta zazzage ƙyallayen a leda ta kama karatu daga farko. Kwana huɗu ta yi, da ƙamus ɗin Zulfa a gefe, masu ciniki na sallama tana cewa su duba da kansu. Mutumin da ke cikin labarin ba wani jarumi ba ne, ma'aikaci ne mai biyayya, yana sa abin da aka ce, yana cin abin da aka ba shi. Laifinsa ɗaya: ya ɓoye wani tsohon ɗankwali na mahaifiyarsa da ta rasu, ya ƙi miƙa shi a ƙone. Hajiya ta yi ta jiran 'yan sanda su fasa ƙofa. Ba su zo ba. Amininsa ne ya zo, mai ƙaunarsa da gaske, ya zauna yana lallashinsa, don kansa ake faɗa, ƙyalle ne kawai, kada ya ja wa kansa kallo. Da lallashi ya ƙi ci, aminin ya tashi ya bar shi a hannun doka, yana share hawaye.

A gefen wannan shafin ma akwai fensir. Hajiya ta daɗe ba ta duba ba, don ta san abin da ya cancanta a rubuta. Da ta duba, ba Gwamnati ya sa ba. Ya rubuta: Yakaka ba za ta yi wannan ba.

Shi ne karo na farko da ya kira sunanta. Ta cire tabarau ta kifa fuska a kan bandir ɗin shadda, ta yi kuka mai isarta.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Kafin azahar ta saki saƙon murya a guruf, a tsawace kamar wani ne ya yi laifin. Ta ce daga bikin Zulfa an soke tsaron ƙofa. Mai son anko ta sa, wadda ba ta so ta sa abin da ranta ya ba ta, kuma duk wadda ta zo za ta shiga hoto ko da buhu ta ɗaura. Wadda dokar baya ta ɓata wa rai ta yafe mata, musamman Hajiya Jawahir.

Wayyo, ashe 'yanci ma aiki ne. Wayar Hajiya ba ta huta ba har la'asar. Wannan ta kira ta tambayi wace kala ce abin da rai ya ba mutum. Waccan ta ce to a fitar da jerin kalolin da aka yarda a zaɓa. Wata ta rantse gwaji ne, so ake a ga masu kaucewa. Hajiya ta gaji ta kashe wayar. Jawahir kuwa aikowa ta yi a ba ta aron hoton falo, aka ba ta.

Da yamma Hajiya ta yanki yadi shida na farin leshi marar ado, mafi kyau a shagonta, ta hau Adaidaita zuwa Sabon Gari. Ta ɗora shi a kan keken Felicia. Felicia ta duba ta ce ai ita tana da fararen kaya isassu, na wa ne wannan?

"Kin san awon," in ji Hajiya. "Hannun kuma ki yanka yadda kika ga dama."

Felicia ta ɗaga yadin ta rufe fuska da shi, kafaɗunta na rawa. Har yau Hajiya ba ta san ko dariya take yi ko kuka ba, ta fi zaton duka biyun ne.

Ranar biki yawancin mata ankonsu suka sa, tunda an riga an ɗinka, kuma yadin ya yi kyau, ba a raba Hajiya da ido. Amma an ga ja, an ga ɗorawa, wata tsohuwa ta fito da lafayar da ta shekara goma sha biyu a akwati. Jawahir ta iso a makare da gangan, ta yafo shuɗin mayafin nan nata, ta wuce tsakiyar layin gaba ta kafa ƙafa, ta ce wa mai hoto ya tabbata ya ɗauko ta har da gwiwar hannu biyu.

Sabon hoton yana falon Hajiya yanzu, kusa da gurbin tsohon, wanda Jawahir ba ta dawo da shi ba. Zulfa na tsakiya. A hagunta uwarta, a damanta Maman Ogechi, su biyu fari fat cikin ruwan zuma. Anko bai mutu a Rijiyar Lemo ba, Hajiya ce ke zaɓa har gobe, sai dai yanzu takan ƙare sanarwa da cewa ga mai so.

Littafin kuwa ta mayar wa Felicia shi ba ƙyalle ko ɗaya a ciki, ta ce rubutun mijinta ne, ita ta fi cancanta. Felicia ta buɗe shafin nan na ƙarshe ta karanta, ta rufe, ta tura mata abinta.

"Ba ni ya rubuta wa ba," ta ce. "Kullum sai ya ce mini za ki kai ƙarshe. Ni ce nake cewa ba za ki kai ba."